Lauyan Bakin Mahkama

"Baba Othman! Ruwa!"

Ranar Juma'a ce, rana tsaka, a Khumra, gefen birnin Jidda. Sito-sito a rufe, ma'aikata duk sun tafi masallaci, ko mage babu a titi. Tsohon mai gadi ya leƙo ta ramin ƙofa. Ya ga dabbab ɗin da ya sani, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da ke kawo masa galan-galan na ruwan sha duk Talata. Ya ga direban da ya saba zuba wa shayi.

"Isha'aku? Yau fa Juma'a, ɗana."

"Na biyo ta nan ne, Baba. Buɗe."

Tsoho ya zare sakata.

Mutum biyu suka diro daga bayan galan-galan, fuska naɗe da shimag, gyalen nan na kan Larabawa! Gajeren mai tumbi riƙe da ƙarfe, dogon riƙe da ƙaramar bindiga.

"Ƙasa! Kwanta ƙasa, ya shaiba! Yalla!"

Othman bai kwanta ba. Bai ma dubi bindigar ba. Isha'aku ya duba.

"Kai ne?"

Isha'aku ya sunkuyar da kai. Tsohon ya miƙa hannu ya cafko shimag ɗin dogon, wai sai ya ga fuska. Dogon ya fizge, suka yi tangal-tangal — tau!

Ƙarar ta zaga siton ta dawo. Othman ya zauna a ƙasa a hankali, kamar mai shirin alwala, sannan ya kishingiɗa. Bai sake tashi ba.

"Ni ban harba ba!" in ji dogon. "Wallahi ita ta harba kanta!"

"Rufe baki!" in ji gajeren. "Kwalaye! Maza!"

Siton na wani ɗan kasuwar turare ne, cike da itacen ud da mansa, irin wanda ɗigo ɗaya ke kwana uku a riga. Suka loda kwali tara. Na goma ya kuɓuce wa Isha'aku — tas! Kwalabe suka fashe, mai ya wanke masa tobe, jallabiyarsa, tun daga ƙirji har takalmi. Suka faɗa mota. Dabbab ta yi tari sau biyu, ta tuna ranar mutuwarta, sannan ta tashi.

To, ku matso in gaya muku su wane ne waɗannan zaratan.

Dogon shi ne Badr, mai ɗaga ƙarfe a wurin motsa jiki, wanda duk abin da ya ci a rayuwarsa ya tafi damtse, bai bar wa kai komai ba. Isha'aku kuwa haifaffen unguwar Nuzla ne, shekara talatin da huɗu, yana riƙe da fasfon Nijar, ƙasar da bai taɓa gani ba sai a waya. Ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da in aka ce musu "zo mu je" sai sun hau mota suke tambayar ina. Gajeren shi ne uban tafiya, Abdulghaffar, wanda unguwa ke kira Lauya. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana sayar da shayi a bakin ƙofar mahkama, wato kotu. Ƙofar fa, 'ya'yana. Ciki bai taɓa shiga ba, ko fitsari. Amma in ya fara zuba shari'a sai ka rantse shi ke ɗaura wa alƙalai rawani.

Sun ɓoye kayan a ɗakin da Lauya ke haya a Balad, hawa na uku na wani tsohon gida mai tagogin katako. Badr ya zauna yana kallon hannunsa. Isha'aku ya yi amai sau biyu a bokiti.

"Ya mutu," in ji Isha'aku. "Lauya, mutumin nan ya mutu. Ka ce ɗaure shi kawai za a yi. Za a sare mana kai."

Lauya ya ɗora buta a wuta. Wannan mutum ko a kabari sai ya dafa shayi.

"Jahilci ke nan, ya akhi. Zauna in karantar da kai. Kisa a ƙasar nan haƙƙin wa ne? Na iyalin mamaci. Ƙisasi. Mutum ɗaya cikin magada ya ce na yafe, halas, takobi ya koma kube. Na ga wanda ya kashe abokinsa a kan wurin ajiye mota, aka yafe, shekara biyar ya fito, yanzu yana da shagon taya. Na ga wanda ya kashe surukinsa, aka kai shi har fili, uwar mamacin ta ɗaga hannu. Na ga na uku, na ga na goma. Duk a gabana suka sha shayi suna kukan murna. Ni na zuba musu!"

"To in ba a yafe ba fa?" in ji Badr.

"Wa tsohon ya bari? Matarsa Aicha, 'yar Cadi, wadda in an yanka kaza sai ta juya baya. Me ya sa kuke tsammani na zaɓi wannan siton? Ni ba na shiga aiki sai na duba magada." Ya juya ga Isha'aku. "Kai kuma direba ne kawai. Hannunka bai taɓa kowa ba. In ta ɓaci ƙwarai, shekara biyu, ka fito ka yi ƙiba."

Isha'aku ya karɓi shayin. Ya so ya yarda, don wuyansa na yi masa sanyi.

Mu bar su, mu leƙa Khumra. Jami'in da aka ba binciken sunansa Mish'al, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya tsaya a kan gawar, ya dubi sakata.

"Ba a fasa ƙofa ba," ya ce wa na kusa da shi. "Wanda ya sani ya buɗe wa."

Kyamarar siton an cire ta, wannan kam Lauya ya yi dabara. Ta siton maƙwabta ce bai tuna da ita ba. Ga dabbab, ga lamba, ga fuska ɗaya tal a buɗe. Motar da sunan kafili take, uban gidan da ke riƙe da takardun Isha'aku, shi kuma ya tafi Ɗa'if shan iska, wayarsa a kashe. Sai ranar Lahadi aka same shi. Bai yi minti ɗaya ba ya ba da suna da unguwa, har da kwatancen gida, har da launin ƙofa.

Ranar Lahadin nan, bayan azahar, Isha'aku ya lallaɓa gida. Kwana biyu ya yi a ɗakin wani aboki. Ya ƙone tobe, ya yi wanka sau biyar, har da omo. Mahaifiyarsa, Uwani, tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Ita ce mai wankan gawar mata a Nuzla, shekara arba'in a Jidda, babu gidan makokin da bai san takalminta ba. Bai gama sallama ba ta ɗaga hanci.

"Zo nan."

Ya matso.

"Direban ruwa, yau kai ne da ƙamshin ministoci?"

"Wani abokina ne ya..."

"Jiya na wuni wurin Aicha. Tana kuka, ina riƙe da kanta a cinyata. Kowa ya shigo maganar siton ud yake yi." Ta ajiye faifan. "Isha'aku. Dube ni."

Ya durƙushe. Ya faɗa mata duka, yana haɗa Hausa da Larabci, yana share majina. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta kwaɗa masa mari ɗaya, mai kyau, irin na wadda ta saba juya gawa.

"Tsohon da ke ajiye maka tuwo!"

"Inna, ban taɓa shi ba! Lauya ya ce ni direba ne kawai. Ya ce in Aicha ta yafe..."

"Lauya. Mai shayi." Ta yi dariyar da ba daɗi a cikinta. "Kai, soko, wa ke tsayawa shan shayi a bakin mahkama? Wanda aka yafe wa ɗansa. Uwar da aka ce za a sare wa ɗanta kai, ka taɓa ganin ta tsaya tana cewa a ƙara mata madara? Ta gefe take bi, ta shiga mota. Waɗannan ni nake ganinsu, a gida, bayan kwana uku. Shi ya ga masu dariya, ya ɗauka ya ga shari'a."

"To amma ƙisasi..."

"Ku faɗa kuka yi da shi? Fashi kuka je da makami, rai ya fita. Hiraba ake ce masa. Wannan ba na iyali ba ne, haddi ne, babu mai yafe shi, ko Aicha ko uwar Aicha. Kuma ba a tambayar wa ya harba, wa ya riƙe sitiyari. Na zauna makokin wa da ƙani a layin bayan nan. Ƙanin tsaron hanya kawai ya yi. Rana ɗaya aka binne su."

Isha'aku ya dafe wuya.

"Ƙofa ɗaya ta rage," in ji Uwani, tana janyo abayarta. "Malamarmu ta karanta mana ita a masallaci, na riƙe, don na san irin ɗan da na haifa. Ɗan fashin da ya tuba ya kai kansa da ƙafarsa, kafin hannu ya kai gare shi, haddin ya faɗi a kansa. Kafin, Isha'aku. In suka dafa kafaɗarka a ƙofar nan, ko kukan jini ka yi, an rufe."

"In tona su? Inna, mun yi rantsuwa. Da alwala."

"Ma sha Allah. Kun yi alwala za ku yi sata. Kira shi, lauyan naka."

Ya kira. Waya a kashe. Ya kira Badr. A kashe. Ya kira mai gadin gidan Balad, wanda ya ce ai tun asuba mutanen suka fita da kwalaye, suka ce dabino ne za su kai kudu. Isha'aku ya tsaya da waya a kunne. A lokacin ne ya tuna cewa cikin su uku, shi kaɗai ba a ba shimag ba.

"Tashi," in ji Uwani.

Suka tare tasi a bakin layi. Lungunan Nuzla kun san su, mota ɗaya in ta shiga sai bango ya tsuke ciki. Ba su yi nisa ba sai ga motoci biyu na shurɗa, 'yan sandan ƙasar, sun shigo ta gaba, hanci da hanci!

Isha'aku ya kai hannu ga ƙofa.

"Inna, ga su. In fita in..."

Ta danna masa farce a cinya. "In ka fita nan, kama ka aka yi. Zauna daidai! Ɗaga gilashi, kana wari!"

Direban tasi, ɗan Pakistan, ya sa ribas yana gunaguni. Baya — baya — ya goga kwandon shara — baya! Ya sami wani ɗan saƙo ya cusa motar. Motar shurɗa ta farko ta wuce. Ta biyu ta rage gudu. Siririn jami'in da ke gaba ya dubi tsohuwa cikin niƙabi da ɗanta mai ladabi, ya ɗaga musu hannu, godiyar ba da hanya.

Uwani ma ta ɗaga masa.

"Yalla, ɗana," ta ce wa direban. "Ofishin shurɗa. In ka tsaya a danja, Allah ya isa."

Sun isa ana kiran la'asar. Ɗan sandan da ke kan tebur ya riga ya naɗe hannun riga zai yi alwala.

"Bayan salla, ya khala."

"Rubuta sunansa tukuna. Rubuta cewa da ƙafarsa ya shigo, babu mai riƙe da shi sai uwarsa. Sannan ka je, Allah ya karɓa."

"Me ya yi?"

"Faɗa masa," ta ce.

Isha'aku ya faɗa. Ɗan sandan ya sauke hannun rigarsa, ya zauna, ya ɗauki biro.

Lauya da Badr kuwa a shingen binciken hanyar kudu aka tsayar da bas ɗinsu kafin magariba. Ba a ma sha wahala ba. Tun daga Jidda fasinjoji ke tambayar juna wane irin dabino ne wannan mai ƙamshin ɗakin amarya.

Shekara ɗaya da wata biyu aka yi kafin ranar hukunci. Alƙalai uku a zaune. Lauya ya shigo da sarƙa a ƙafa yana ƙare wa ɗakin kallo, sama da ƙasa, kamar baƙon da ya daɗe yana jin labarin gari.

Mai gabatar da ƙara ya nemi kan su uku. Ya ce tuban Isha'aku ba tuba ba ne, tsoro ne, tunda an riga an san sunansa, an kuma je ƙofarsa. Aka kira Mish'al.

"Kun kewaye shi?" in ji babban alƙalin.

"A'a, ya shaikh. Gida muka samu babu kowa, sai shinkafa a faifai."

"Da ya gudu, da kun same shi a ranar?"

"Ban sani ba. Gaskiya, mun haɗu da shi a lungu. Ya ba mu hanya. Na gode masa."

Ɗaya daga cikin alƙalan ya rufe baki da hannu, wai tari.

Sai aka kira Aicha. 'Yar ƙaramar tsohuwa, baƙar abayarta ta koɗe. Aka tambaye ta abin da take nema a kan jinin mijinta.

"Waɗannan biyun ban san su ba," ta ce. "Ɓarayi ne, sun zo sata. Na yafe musu, don Allah ya kai ladan kabarinsa. Ba na son ko riyal."

Lauya ya juya ya kashe wa Badr ido. Ya gyara zama. Saura kaɗan ya nemi a kawo buta.

"Wannan kuwa," ta nuna Isha'aku ba tare da ta dube shi ba, "ya ci tuwona. Mijina na ce masa ɗana. Da ba don shi ba, da ƙofar ba ta buɗu ba. Shi ban yafe ba. Duniya da lahira."

Uwani, a bencin mata, ba ta ɗaga kai ba.

Babban alƙalin ya karanta hukunci da muryar mai karanta takardar wuta. Laifin hiraba ya tabbata. Yafiyar matar alheri ce gare ta, amma ba ta isa nan ba. Abdulghaffar da Badr, kisa. Isha'aku, da yake ya kawo kansa kafin a kai gare shi, haddi ya faɗi, kuma ba shi ya yi harbin ba. Shekara takwas a kurkuku, sannan a mayar da shi ƙasarsa, ba dawowa. Maganar Aicha kuwa, in ji alƙalin, tana tsakaninta da shi da Allah.

Lauya ya miƙe, sarƙa na ƙara.

"Ya shaikh, akwai kuskure! Ta yafe! Kowa ya ji! Magaji ɗaya in ya yafe..."

"A ina ka yi karatu?"

"A nan, ya shaikh. A bakin ƙofar nan. Shekara goma sha ɗaya."

"Da ka shigo ciki," in ji alƙalin, ya rufe fayil.

Badr ya dubi Lauya, ya dubi alƙali, ya sake duban Lauya.

"To yaushe za mu fita?" ya tambaya.

An ɗaukaka ƙara, aka tabbatar. Aka sake ɗaukakawa, aka sake tabbatarwa. Waɗanda suka zauna da Lauya a kurkuku sun ce har makon ƙarshe yana ba fursunoni shawara a kan shari'o'insu, kuma akwai masu saurara. Wata safiyar Talata aka fitar da shi da Badr, aka zartar da hukunci. Waɗanda Aicha ta yafe wa ke nan.

Wanda ba ta yafe wa ba ya ci shekarunsa takwas cif. A ta shida Uwani ta rasu, matan da ta koya wa aiki suka wanke ta, aka binne ta a Jidda. A waya aka gaya masa. Ranar da ya gama, daga kurkuku sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, daga nan sai jirgi. Ta taga ya ga teku, ya nemi Nuzla bai gane ta ba.

Kwana biyu a mota daga Yamai, ya sauka Damagaram da jakar leda ɗaya. Dangin ubansa sun ji labari ɗansu na Saudiyya zai dawo, ba a dai gaya musu sauran ba. An share tsakar gida, an yanka zakara, mata sun cika zaure.

"Alhaji! Alhaji ya iso! Maraba da mutanen Makka!"

Wata gwaggonsa, babbar gidan, ta rungume shi tana kuka, ido ɗaya a kan jakar. Da aka natsa ta janyo ta ta buɗe. Tobe biyu, silifa, takardar sallama daga kurkuku da Larabci, wadda ta ɗauka addu'a ce ta sumbata.

"Sauran kayan suna tasha?"

"Babu sauran kaya, Gwaggo."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Shekara arba'in da wani abu a ƙasa mai tsarki. To me ka kawo mana?"

Isha'aku ya kai hannu ya shafa wuyansa.

Gwaggo ta juya ga matan zaure, ta tafa hannu.

"Kun ga ɗan Uwani. Ko dabino ɗaya."